Ciyawar Roba da Gwiwar Habibu

Wannan babin shi ne na fi ja wa lokaci a duk abin da nake rubuta muku, 'ya'yana. Sai da na tsallake shi na rubuta na ritayata da na rasuwar Innarku, sannan na dawo kansa. Dukkanku kun san cewa ɗan'uwanku Habibu ya samo ɗingishinsa ne daga wata faɗuwa da ya yi a babur, ya ɓoye ta, sai ciwon ya tashi masa a filin ƙwallo. Haka kuka ji, haka kuma kuka gaya wa 'ya'yanku. To ba gaskiya ba ne. Habibu bai taɓa faɗuwa a babur ba. Ni na ƙirƙiri maganar, a tsaye, ba tare da na yi ko gargada ba, kuma na bar ta tana yawo a gidan nan shekara da shekaru. Yawancinku ba kwa gari a lokacin, wasu na ɗakin miji, wasu na neman abinci a birni, don haka bari in faro muku daga tushe.

Kun san aikina. Fiye da shekara talatin na yi ina malamin motsa jiki a firamaren garinmu. Sauran malamai suna da allo da alli, ni usur ne da ni a wuya. A bayan idona Malamin Tsalle-tsalle ake ce mini, kuma in za a yi taron iyaye ni ne mai jera kujeru, ba mai zama a kansu ba. Ban taɓa nuna abin yana yi mini ciwo ba, amma yana yi. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙungiyar samarin gari, wadda nake horarwa da yamma a fakon bayan makaranta. Wannan fakon ya tsira daga garma ne don kawai ba ya fitar da komai. A nan ƙasar Minjibir gona jingine take da gona, ba wanda zai bar wa ƙwallo wurin da gero zai fito. Filin yana da gangare, yana da tsakuwa, gefensa duk ƙarangiya ce, da damina kuma ruwa kan kwanta a gaban ragar gabas. Amma samarin sun san shi kamar tsakar gidansu. Sun san inda ƙwallo take yin tsalle, sun san inda turɓaya take da laushi in faɗuwa ta kama.

A cikinsu babu kamar Habibu. Ba don ɗana ba ne nake faɗa, duk wanda ya gan shi a shekarun nan zai shaida. Yana da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, ɗan wasan gaba ne, da safe yana gona tare da ni, da yamma yana fili. Gwanintarsa ita ce juyi. Zai taho a guje kamar zai wuce ta dama, sai ya kafa ƙafa ya juya hagu, ya bar ɗan baya yana duban iska.

A shekarar da nake ba ku labari ne Alhaji Ummaru ya zo mana da alherinsa. Ɗan garin nan ne, tare muka yi firamare, ya tafi birni ya yi arziki a cinikin hatsi. Ya ga wani fili a wajen Rijiyar Zaki da aka shimfiɗa wa ciyawar roba, 'yan jami'a suna wasa a kai, sai ya ce wallahi sai ya yi wa samarin garinsu irinsa. Har zaure ya same ni, ya zauna a tabarmata, ya ce ni zan zama shugaban filin, makullin ma a hannuna zai zauna. Ina so ku riƙe wannan: mutumin nan da zuciya ɗaya ya zo. Duk abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne.

Bayan an kawar da amfanin gona motoci suka zo. Aka daidaita fakon, aka daɓe, aka sauke ciyawar a nannaɗe kamar manyan dardumomi, aka shimfiɗa, aka barbaɗa mata wasu baƙaƙen ƙwayoyin roba, aka kewaye da waya. Garin nan kaf ya fito kallo. Dattawa suna durƙusawa suna shafa ta da hannu. Ko'ina ya bushe ya yi fari, ita kaɗai ce kore shar a tsakiyar gonaki. Wata akuya ta kutsa ta ƙofa, ta shinshina, ta juya ta fita, aka yi ta dariya. Da na ba Innarku labari ba ta yi dariya ba.

"Malam, abin da akuya ta ƙi, ni dai ban natsu da shi ba."

Na ce mata ita da akuyar duk ba su san ci gaba ba. A lokacin mutanen da ba su taɓa gaishe ni da hannu biyu ba sun fara ce mini Shugaba. Ina tafiya makulli yana ƙara a aljihuna, ina jin daɗin ƙarar.

Da sanyi komai ya tafi daidai. Samarin suka yi murna, ƙwallo tana tafiya sumul, ba tsakuwar da za ta karkatar da ita. Masu gudu ta gefe har yau za su gaya muku sun fi son ta. Sai da bazara ta shigo na fara jin wasu maganganu. Waɗanda suka saba wasa ba takalmi suka daina, don tafin ƙafarsu yana yin bororo. Wasu suka ce in sun tashi da safe bayansu da gwiwoyinsu suna ciwo, abin da ba su sani ba a fako. Golanmu Yohanna, wani dogon saurayi daga unguwar da ke bayan rafi, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini gwiwar hannunsa duk a saɓule.

"Koci, a ƙasa in na faɗi ƙujewa nake yi, kwana biyu ta bushe. Wannan kuwa ƙuna ce, kamar an goga mini dutsen guga."

Na ce ya riƙa sa riga mai dogon hannu. Shi kuwa Habibu ba a fili ya yi mini magana ba. A gona ya same ni, muna sharar karan dawa, ya jira sai da muka zauna shan ruwa.

"Baba, filin nan da rana ba ya takuwa. Kuma ba zafin ne ya fi damuna ba. Ƙasa in ka kafa ƙafa ka juya, tana sakin ka. Wannan ba ta saki. Sau biyu ina jin ƙafata ta tsaya, gwiwata ta tafi ita kaɗai."

Na fahimci abin da yake nufi sarai. Shekara talatin ina kallon ƙafafun yara, ba na buƙatar a yi mini bayani sau biyu. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, in wannan maganar ta kai kunnen Alhaji, zai ce mu butulu ne, ko ya ce ban iya riƙon yarana ba. Sai na ce wa Habibu sabo ne, zai wuce.

Alhaji ya sa ranar buɗe fili a tsakiyar bazara. Za a zo da wata ƙungiya daga birni, tare da kocinsu, wanda aka ce yana ɗaukar samari masu hazaƙa. Da ya rage mako guda Alhaji ya zo duba shiri, ya ce a tara masa 'yan wasa yana son ya ji daga bakinsu. Kafin ya iso na tara su na ja musu kunne: duk wanda aka tambaya ya ce alhamdulillahi, ya yi godiya, ya yi shiru. Haka kuwa suka yi, ɗaya bayan ɗaya, har Yohanna da hannunsa a ɓoye a baya. Da aka zo kan Habibu ya sunkuyar da kai, ya yi godiya kamar kowa, sannan ya ƙara.

"Ranka ya daɗe, fili ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai da rana yana ƙona ƙafa, kuma takalmi mai dogayen ƙusoshi yana maƙalewa a ciki. Da za a mayar da wasan bayan la'asar, a bar mu mu sa kambas ɗinmu, da mun fi sakewa."

Alhaji bai ɓata rai ba. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, haka ne? In haka ne ai sai a ɗaga zuwa yamma. Baƙin su yi haƙuri su koma da magariba."

Ga ƙofa an buɗe mini. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Amma ni abin da nake ji shi ne ɗana ya karya umarnina a gaban yarana da a gaban mai kuɗin garin. Sai na yi dariya, dariyar da har yanzu nake jin sautinta a kunnena.

"Alhaji, ƙyale shi. Ƙauyanci ne kawai. Wanda ya saba da turɓaya in ka ɗora shi a kan darduma sai ya ce tana cizon sa. A bar lokaci yadda yake."

Wasu daga cikin samarin suka yi 'yar dariya don su faranta mini. Habibu bai ɗago kai ba. A gida ma bai tayar da maganar ba, ya ci tuwonsa ya fita.

Ranar wasa Alhaji ya aiko da kwalaye: riguna sababbi, da takalman ƙwallo masu ƙyalli, masu dogayen ƙusoshi irin na filin ciyawar gaske. Shi bai san bambanci ba, mafi tsada ya saya. Ni na sani. Ana shirin fita na tarar da Habibu a bayan aji yana ɗaure igiyar tsohon kambas ɗinsa mai shafaffen ƙasa. Na ce ya cire. Ya ce, Baba, don Allah. Na ce ga masu ɗaukar hoto, ga baƙi daga birni, ba zai shiga filin Alhaji da takalmin zuwa gona ya kunyata ni ba, in bai sa sabon ba ya koma gida. Na san kocin birni ya zo ne musamman don ya gan shi, na kuma san ba zai iya komawa gida ba. Ya cire kambas ɗin, ya ajiye a gefe, ya sa sabon.

Ana idar da sallar azahar aka take wasa. An kafa rumfa, an jera kujeru, kuma a karo na farko a rayuwata akwai kujerata a sahun gaba. Daga inda nake ina hango zafi yana tashi daga filin yana rawa, ga warin roba kamar ana ƙona taya. 'Yan wasa suna zuwa bakin layi suna zuba ruwa a cikin takalmansu. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci da kaɗan aka jefa wa Habibu ƙwallo ta gefen dama. Ya taho a guje, ɗan baya ya tare shi, ya kafa ƙafar dama zai yi juyinsa. Ba wanda ya taɓa shi. Ƙafar ta tsaya cak, jikinsa ya juya, waɗanda ke kusa suka ce sun ji ƙarar. Bai yi ihu ba. Ya kwanta ya rungume gwiwar yana cizon rigarsa.

Aka ɗauke shi aka kai inuwar aji. Alhaji ya biyo ni can, ga kocin birni a bayansa.

"Malam, ko abin da yaron nan ya faɗa ne? Ko filin ne?"

Habibu yana kwance a tabarma, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, idonsa biyu. Na buɗe baki na ce:

"Ba filin ba ne, Alhaji. Kwanakin baya ya faɗi a babur a hanyar Makoda, ya ɓoye mana. Ciwon ne ya tashi. Shi ya sa ma yake ta neman dalili ran nan."

Na ga fuskar Alhaji ta sauya, tausayin ya ragu. Kocin birni ya girgiza kai ya ce ɗan wasan da ke ɓoye ciwo ba abin ɗauka ba ne. Habibu ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da fuskarsa bango. Duk da haka Alhaji ya ce a sa shi a motarsa a kai shi asibiti a birni. Na ce targaɗe ne, ba sai an wahalar da baƙi ba, muna da mai ɗori. Gaskiyar ita ce ina tsoron likita ya tambayi yadda aka yi, yaron ya faɗa.

Sati shida gwiwar tana hannun mai ɗori. Mutumin ya yi iya saninsa, amma ba ƙashi ne ya karye ba. Kumburi ya sauka, Habibu ya miƙe, sai dai duk sanda ya taka da ƙarfi gwiwar ta zame masa ya zube. Bai taɓa ƙaryata ni ba. 'Yan dubiya suna zuwa suna yi masa faɗa a kan tuƙin ganganci, yana cewa to, an gode. Wata safiya na fito zan tafi gona na tarar da Innarku tana sheƙe gero a tsakar gida. Ba ta ko ɗago ba, ta yi magana.

"Malam, wane babur ne?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"Ni nake wanke kayansa. Ban ga yagaggen wando ba, ban ga jini ba. Kuma yaron nan ko atishawa ya yi sai na sani. Na tambaye shi, ya ce in tambaye ka."

Na tsaya da fartanya a kafaɗa. Ta ajiye faifan ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba a duk zamanmu.

"Ba zan tona maka asiri a gaban 'ya'yanka ba. Amma yau ɗin nan za ka kai shi asibiti, ko in ɗaura mayafi in kai shi da kaina, duk garin nan su gani."

A ranar muka shiga bas. Aka ɗauki hoton gwiwar, likita ya ce jijiyar da ke riƙe ta ce ta tsinke, kuma zamewar da ta yi ta yi a makonnin nan ta ƙara lalata cikin gaɓar. Ya tambaya me ya sa ba mu zo da wuri ba. Ni na amsa, na ce rashin sani ne. An yi aiki daga baya, ya samu ya taka, amma ƙwallo ta ƙare, ɗingishin kuma ya zauna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin damina ta faɗi duk abin da Habibu ya roƙa an yi shi. Wasu 'yan wasan birni suka gaya wa Alhaji irin maganarsa, sai ya hana wasan rana, ya sa ana yayyafa ruwa kafin a fara, ya sauya takalma zuwa masu gajerun ƙusoshi. Har yau ana wasa a filin, jikokina ma suna yi, wasu na yabonsa wasu na kukansa. Alhaji ya yaba mini a kan yadda na aiwatar da gyaran. Amma bai sake yi wa Habibu fara'a ba, don a wurinsa yaro ne da ya yi masa ƙarya. Sau da yawa na shirya zan je in gaya masa. Sau biyu na kai har ƙofar gidansa, muka gaisa, muka yi hirar damina, na dawo. Ya rasu bai sani ba. Innarku ma ta rasu tana riƙe da alkawarinta. Sai dai tun daga wannan safiyar ba ta sake tambaya ta labarin fili ba, in na fara sai ta tashi ta kama wani aiki.

Makullin na mayar bayan shekara biyu, na ce tsufa ne. Habibu ya yi aure, ya buɗe rumfar awon hatsi a kasuwar Makoda, ya hayayyafa. Bai taɓa fasa gaishe ni ba, bai taɓa fasa aiko mini da gyaɗar farko ba. Da ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, ina jin da na samu sauƙi.

Watan jiya, da na yanke shawarar rubuta wannan babin, na hau babur ɗin haya na same shi a rumfarsa. Na jira masu awo suka ragu. Ya shimfiɗa mini buhu, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar, don ba ta lanƙwasuwa sosai. Na gaya masa abin da zan rubuta, tun daga gona har asibiti. Na ce na zalunce shi sau uku, na ƙi jin sa, na tilasta shi, na yi masa ƙazafi, ina roƙon ya yafe mini tun ina da rai. Ya daɗe yana wasa da ƙwayar dawa a tafin hannunsa.

"Baba, na yafe tun tuni. Ban ce ban ji ciwo ba. Shekara uku ban iya bin hanyar makarantar nan ba, sai in zagaya ta bayan rafi. Ciwon ƙafar da sauƙi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gaisuwar Alhaji, in miƙa masa hannu ya ba ni yatsu."

Na ce to in rubuta, ko in bari?

"Ka rubuta. Yarana suna tsoron babur saboda ni, gara su sani. Amma in za ka rubuta, ka sa har da ƙwallon da na ci."

Na ce wace ƙwallo? Ya ɗago ya dube ni da mamaki, sannan ya yi murmushi kaɗan.

"Ashe ba ka gani ba. Ana saura kaɗan a tafi hutu. Yohanna ne ya doko ta tun daga ragarmu, na tare ta da ƙirji ban bari ta taɓa ƙasa ba, na ɗaga ta ta saman ɗan bayansu, na tarbe ta da hagu. Golansu ko motsi bai yi ba. Da ita muka ci wasan, ɗaya da nema. Ita ce mafi kyau da na taɓa ci. Na juyo ina neman ka a rumfa."

Na dawo gida na tambayi Yohanna, ya ce haka aka yi, har yanzu samarin wancan lokacin suna labarinta. Don haka ga shi na rubuta muku yadda Habibu ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Ku karanta wa 'ya'yanku. Ni ba zan iya ba ku shaidarta ba, domin a daidai lokacin na ji ihun jama'a, amma na juya wa filin baya, ina miƙa wa baƙin Alhaji ruwan sanyi.